Lafiyar Baƙo da Haƙƙin Ɗan Gida: Nijeriya da Siyasar Karɓar Baƙuncin Wasanni

Duk wanda zai sauki babban baƙo a ƙasar Hausa yakan share gida, ya yi yaɓe, ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya kuma kawar da duk abin da zai jawo masa jin kunya. Shi kuwa baƙo, in dai mai kara ne, ko ya jiyo kuka daga cikin gida ba ya tambayar wa ake duka. Kusan a kan wannan ladabi ne manyan hukumomin wasanni na duniya suka daɗe suna hulɗa da ƙasashen da suke ba wa baƙuncin gasa. Sukan aiko da jami'ai su duba ciyawar fili, su ƙidaya gadajen otal, su leƙa asibiti da filin jirgin sama, amma da wuya su nemi a kai su gidan yari. A wannan maƙala za mu bi sawun wannan al'amari a tarihin Nijeriya, musamman abin da ya faru tsakanin 1995 da 1999, domin ƙasarmu ta tsaya a kowane ɓangare na wannan shari'a: ta yi mai ƙara, ta kuma yi wadda ake ƙara. Za mu dube shi ne daga nan Jos, garin da bai sami ko wasa ɗaya ba a gasa biyu da hukumar FIFA ta kawo Nijeriya, amma ya ba wa ƙasa 'yan ƙwallo, ya kuma ajiye mata fursunoni.

Lokacin da mu ne masu ƙara

Ya kamata mu fara da tuna cewa Afirka ce ta koya wa duniya cewa ba a raba wasa da siyasa. Tun a gasar cin kofin Afirka ta farko da aka yi a Hartum a 1957 aka fitar da Afirka ta Kudu, duk da cewa tana cikin ƙasashe huɗu da suka kafa hukumar CAF, saboda ta ƙi kawo ƙungiyar da ta haɗa baƙi da farare. Bayan 'yancin kai sai Nijeriya ta shige gaba a wannan gwagwarmaya. Ɗan Nijeriya ne, Abraham Ordia, ya daɗe yana shugabantar Majalisar Ƙoli ta Wasannin Afirka, kuma wannan majalisa ce ta yi barazanar ƙaurace wa wasannin Olamfik na 1968 har aka janye goron gayyatar da aka miƙa wa gwamnatin wariyar launin fata. A 1970 aka kori Afirka ta Kudu daga kwamitin Olamfik baki ɗaya.

Sai dai akwai wani abu a wasannin na 1968 da ba mu cika ambata ba. A ranar 2 ga Oktoba, saura kwana 10 a buɗe wasanni, sojojin Meksiko suka buɗe wa ɗalibai masu zanga-zanga wuta a wani dandali na babban birnin ƙasar, suka kashe da yawa. Babu ƙasar da ta fasa zuwa. Mu ma mun je, muna tsakiyar yaƙin basasa, har ƙungiyarmu ta ƙwallo, wadda ɗan Jos Sam Garba Okoye yake cikinta, ta tashi 3 da 3 da Brazil. Ashe ko a wancan lokaci abin da duniya ta yarda a tattauna shi ne wa za a gayyata. Abin da mai masaukin ya yi wa nasa 'ya'yan, wannan maganar cikin gida ce.

A 1976 ne Nijeriya ta nuna da gaske take yi. A watan Yuni 'yan sandan Afirka ta Kudu suka harbe yaran makaranta a Soweto, amma hakan bai hana ƙungiyar zari-ruga ta Niyuzilan zuwa wasa a ƙasar ba. Ƙasashen Afirka suka nemi a hana Niyuzilan shiga wasannin Olamfik na Montiriyal, kwamitin ya ƙi, sai ƙasashe fiye da 20 suka tattara kayansu suka koma gida. 'Yan wasanmu sun riga sun isa Kanada, sun ga filin da idanunsu, aka ce su juyo. Cikinsu akwai Segun Odegbami, wanda a Jos ya tashi. Shugaban ƙasa a lokacin shi ne Janar Olusegun Obasanjo; mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi a wani wuri daban. A 1978 Nijeriya ta ƙaurace wa wasannin ƙasashe renon Ingila a Edmonton kan batun Niyuzilan ɗin dai. A 1986 kuma tana sahun gaba a cikin ƙasashe 32 da suka ƙi zuwa Edinbara, saboda gwamnatin Magaret Tacha ta ƙi sa wa Afirka ta Kudu takunkumi. Mu lura cewa a 1986 hukuncin a kan mai masauki ne ya faɗa, kuma mu ne muka yanke shi.

Shekarar 1995

FIFA ta fara ba wa Nijeriya baƙuncin gasar cin kofin duniya ta matasa 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1991, sai ta ƙwace ta mayar da ita Fotugal, bayan an sami saɓani a shekarun haihuwar waɗansu 'yan wasanmu. Wannan laifinmu ne, babu ja. Aka sake ba mu ta 1995. A tsakanin waɗannan shekaru ƙasar ta sauya kamanni: an soke zaɓen 12 ga Yuni na 1993, Janar Sani Abacha ya karɓi mulki a watan Nuwamba na shekarar, an tsare Cif Moshood Abiola a 1994, an rufe gidajen jaridu, Wole Soyinka ya tsere daga ƙasar. Duk wannan bai sa FIFA ta ce uffan ba. Amma a farkon 1995, ana saura makonni kaɗan a fara, sai ta janye gasar. Dalilin da ta bayar shi ne rahoton ɓarkewar sanƙarau da kwalara, da fargabar lafiyar matasan da za su zo. A watan Afrilu aka yi gasar a Ƙatar, Ajantina ta ɗauki kofin, Nijeriya kuwa ba ta halarta ba.

Waɗanda suka shaida lokacin za su tuna irin ɓacin ran da aka yi. Gidajen rediyo da jaridu sun cika da zancen raini da wariyar launin fata, kuma ba za mu ce babu gaskiya a cikin ƙorafin ba, domin Turawa sun saba kallon Afirka kamar ɗakin jinya guda ɗaya. Amma adalci ya sa mu faɗi cewa batun sanƙarau ba ƙage ba ne gaba ɗaya: a 1996 cutar ta mamaye Arewa, ta kashe mutum fiye da 11,000, har Saudiyya ta hana alhazanmu shiga a wannan shekara. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne irin dalilin da aka ga ya dace a furta. Ko da akwai waɗanda mulkin soja ya dame su a cikin FIFA, ba su faɗa ba. Abin da za a iya rubutawa a takarda shi ne haɗarin da ke jiran yaron da zai zo daga Turai ya yi mako uku ya koma. Haɗarin da ke kan ɗan ƙasa, wanda ba shi da inda zai koma, ba shi da gurbi a takardar.

A watan Maris ɗin da ya kamata a ce ana buga ƙwallo ne aka kama Obasanjo da Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa bisa zargin yunƙurin juyin mulki. Kotun soja ta yi zamanta a asirce, ta ɗaure su tare da hafsoshi da 'yan jarida da 'yan rajin kare haƙƙin ɗan Adam. Aka rarraba su a gidajen yari na ƙasa. Beko Ransome-Kuti ya sami kansa a Katsina. 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997. Shi kuwa Obasanjo, wanda shekara 19 kafin nan ya dawo da matasanmu daga Montiriyal domin haƙƙin mutanen Soweto, an kawo shi gidan yarin Jos kafin a wuce da shi Yola. Mutanen garin nan suna wucewa ta gefen katangar zuwa harkokinsu, ranar wasa kuma su cika filin Rwang Pam.

Sai watan Nuwamba ya kama. Mu da muke nazarin adabi ba za mu wuce nan da sauri ba, domin wanda abin ya shafa namu ne. Ken Saro-Wiwa marubuci ne, shi ya rubuta Sozaboy, shi ya ƙirƙiro wasan talabijin na Basi and Company da ya sa gidaje dariya a shekarun 1980, ya kuma taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya. Ya jagoranci mutanensa na Ogoni wajen neman haƙƙinsu kan man fetur da ya lalata musu gonaki da ruwa. An tuhume shi da hannu a kisan waɗansu dattawan Ogoni huɗu, kuma waɗannan ma rayuka ne da suka cancanci shari'ar gaskiya. Amma kotun musamman da aka kafa ba ta da ɗaukaka ƙara, kuma lauyoyinsa sun janye saboda yadda ake tafiyar da zaman. A ƙarshen Oktoba aka yanke masa hukuncin kisa tare da mutum takwas.

A cikin waɗannan kwanaki ne, duniya tana roƙon a yi sassauci, shugaban FIFA João Havelange ya sauka a Nijeriya. Ya zo ne ya ba da haƙuri kan gasar da aka janye. An karɓe shi hannu bibbiyu, shi kuma ya yi alkawarin kawo gasar matasa ta 1997 Nijeriya, alhali an riga an ba wa Maleshiya. Ranar 10 ga Nuwamba aka rataye Saro-Wiwa da abokansa takwas a Fatakwal. Da aka matsa wa Havelange, sai ya koma ga tsohuwar mafaka, wato kada a cuɗa wasa da siyasa. Ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Shi ne shugaban FIFA a 1978 lokacin da aka yi gasar cin kofin duniya a Ajantina ƙarƙashin Janar Videla, inda makarantar sojan ruwa da ake azabtar da 'yan adawa a cikinta take kusa da filin da aka buga wasan ƙarshe. Sauran shugabannin FIFA, musamman na Turai, suka ƙi amincewa da alkawarin nasa, gasar 1997 ta zauna a Maleshiya. Amma ba a hana Nijeriya ba. Jinkirta mata aka yi zuwa 1999.

Washegarin ratayar, shugabannin ƙasashe renon Ingila da ke taro a Oklan ta Niyuzilan suka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Nelson Mandela. A dubi yadda reshe ya juya da mujiya: a ƙasar da muka ƙaurace wa wasanni saboda ita aka yanke mana hukunci, kuma mutumin da muka yi shekaru muna neman a sake shi ne ya nemi a sa mana takunkumi. Afirka ta Kudu ta janye gayyatar da ta yi wa Super Eagles zuwa wata gasar sada zumunci. Abacha ya rama ta hanyar hana ƙungiyar zuwa gasar cin kofin Afirka ta Janairun 1996 a Afirka ta Kudu, alhali mu ne ke riƙe da kofin tun Tunisiya a 1994. Da aka tambayi dalili, sai gwamnati ta ce ba ta da tabbacin tsaron lafiyar 'yan wasanta a can. Wato ta ari bakin FIFA ta ci albasa. Hujjar da muka kira raini a watan Maris ita muka ɗauka muka yi amfani da ita kafin shekara ta zagayo.

Aka buga gasar da ƙasashe 15, Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin a gaban Mandela, CAF kuma ta hana mu shiga ta 1998 a Burkina Faso. A wasannin ƙasashe renon Ingila na 1998 a Kwala Lamfur ma babu tutarmu. Waɗanda suka biya kuɗin wannan rigima su ne 'yan wasa, kuma da yawa suna ganin ba mu taɓa haɗa ƙungiya mai ƙarfin ta wancan zamani ba. Hujjar masu cewa takunkumin wasanni talaka yake cuta ke nan, kuma ba hujja ce da za a yi watsi da ita ba. Sai dai mu tuna cewa haka aka faɗa mana a 1976, muka amsa da cewa akwai abin da ya fi lambar zinariya daraja.

Lambar zinariyar kuwa ta zo. A wasannin Olamfik na Atlanta na 1996 matasanmu suka doke Brazil 4 da 3, suka doke Ajantina 3 da 2 a watan Agusta, aka kwana ana murna daga Terminus har Bukuru. Wata biyu kafin nan aka harbe Kudirat Abiola a titin Legas. Gwamnati ta rungumi nasarar, ta yi ta rabon kyaututtuka. A farkon 1998 kuma, ana ta gyaran filaye domin baƙin FIFA, kotun soja ta zauna a barikin Rukuba a nan Jos ƙarƙashin Janar Victor Malu, inda a watan Afrilu ta yanke wa Janar Oladipo Diya da waɗansu hukuncin kisa. Duk wannan bai taɓa alkawarin 1999 ba. Da Abacha bai rasu ranar 8 ga Yuni 1998 ba, babu wata alama da ke nuna ba shi zai buɗe gasar ba.

Janar Abdulsalami Abubakar ne ya gaji baƙin. Daga 3 zuwa 24 ga Afrilu 1999 aka yi wasanni a Legas, Ibadan, Inugu, Kalaba, Fatakwal, Kaduna, Kano da Bauci. Mali ta fitar da mu a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, Sifen ta doke Japan 4 da nema ta ɗauki kofin. Mai son karanta tarihi a jikin taswira zai ga abin lura a jerin garuruwan: a Fatakwal aka yi rataya, a kurkukun Bauci aka tsare lauya Gani Fawehinmi a 1996, filin Kano kuwa sunan Sani Abacha yake ɗauke da shi. Jos, duk da sanyinta da tarihin Mighty Jets da suka ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, ba ta cikin jerin; babban filin da aka fara ginawa a hanyar Zariya tun ƙarshen shekarun 1980 yana nan ba a kammala ba a lokacin. 'Yan kallonmu sai Bauci.

Bayan komawa mulkin farar hula

Wani zai ce ai wancan zamanin soja ne. Amma a watan Nuwamba na 1999 sojoji suka rusa garin Odi a Jihar Bayelsa, kuma wata biyu bayan haka muka karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka tare da Gana, ba wanda ya fasa zuwa. A 2007 wani ɗan Filato, Janar Yakubu Gowon, wanda a zamaninsa Legas ta sauki wasannin Afirka na 1973, ya jagoranci neman kawo wasannin ƙasashe renon Ingila na 2014 Abuja. Gilasgo ta yi nasara da ƙuri'a 47, Abuja ta sami 24. Rahoton masu tantancewa ya fi mayar da hankali ne a kan kuɗi da sufuri da shirin filaye.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na 2009. A ƙarshen Nuwamba na 2008 rikici ya ɓarke a Jos bayan zaɓen ƙananan hukumomi, ɗaruruwan mutane suka mutu, Musulmi da Kirista. Ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidu cewa fiye da mutum 130 daga cikinsu jami'an tsaro ne suka kashe su ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yuli na 2009 faɗan farko da 'yan Boko Haram ya tashi daga Bauci ya bazu zuwa Maiduguri, inda shugabansu Muhammad Yusuf ya mutu a hannun 'yan sanda ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Wata uku bayan haka filin Abubakar Tafawa Ɓalewa na Bauci, tafiyar kimanin kilomita 130 daga nan, ya karɓi wasannin gasar FIFA ta 'yan ƙasa da shekara 17. Abin da hukumar ta matsa a kai a wannan karo shi ne kammala filaye, da tsaron 'yan wasa, da na'urar da ake hasko ƙashin wuyan hannu domin gane shekarun yara. An auna ƙasusuwan matasa sosai, Suwizalan kuma ta doke mu 1 da nema a wasan ƙarshe a Abuja.

Ba Nijeriya kaɗai ba ce. Da Maroko ta nemi a ɗage gasar cin kofin Afirka ta 2015 saboda tsoron cutar Ebola, CAF ta ƙwace ta kai ta Ikwatoriyal Gini, inda Teodoro Obiang yake mulki tun 1979. Nan ma cuta ce ta motsa gasa, ba kurkuku ba.

Canjin da aka samu a rubuce ya zo ne ta Ƙatar, ƙasar da ta karɓi gasarmu a 1995. Bayan an ba ta gasar cin kofin duniya ta 2022 a watan Disamba na 2010, rahotanni suka yi ta fitowa kan halin ma'aikata baƙi masu gina filaye da hanyoyi, da tsarin kafala da ya ɗaure lebura a hannun ubangidansa. Wannan tsari ba sai an fassara wa Bahaushe ba, domin 'yan'uwanmu da ke zuwa ci-rani ƙasashen Larabawa sun san shi a jikinsu. Matsin lambar ta sa a 2016 FIFA ta shigar da mutunta haƙƙin ɗan Adam cikin kundin dokokinta, a 2017 ta fitar da manufa a kai, ta kuma wajabta wa masu neman baƙuncin gasar 2026 su gabatar da bayani kan wannan batu. Ƙatar ma ta gyara waɗansu dokokinta na ƙwadago, har ta sa mafi ƙarancin albashi. Wannan ci gaba ne, kuma shi ne hujja mafi ƙarfi ga masu cewa kai gasa ƙasa yana buɗe mata taga. Amma a watan Disamba na 2024 aka ba wa Saudiyya gasar 2034 ba tare da abokin takara ba, wakilan ƙasashe suka amince ta hanyar tafi, duk da ƙorafin ƙungiyoyin kare haƙƙin ma'aikata. Hukumar ƙwallon Nowe ce ta fito fili ta soki yadda aka yi zaɓen.

Akwai gaskiya a ƙorafin da ake yi a Afirka da ƙasashen Larabawa cewa ma'aunin yana da baki biyu, cewa ba a cika tambayar ƙasashen Yamma yaƙe-yaƙensu ko yadda suke yi wa baƙin haure ba idan suka nemi baƙunci. Mun yarda da wannan. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda gwamnatocinmu ke fakewa da wannan ƙorafi duk lokacin da aka tambaye su nasu. Ordia bai ce a daina auna kowa ba saboda ma'aunin ya karkace. Cewa ya yi a ɗora Afirka ta Kudu da ƙawayenta a kai. Kwamitocin bincike nawa aka kafa kan rikice-rikicen Jos tun daga 1994, na Mai Shari'a Fiberesima, da na Niki Tobi bayan 2001, da na Bola Ajibola bayan 2008? Rahotanninsu sun ambaci sunaye, sun ba da shawarwari, kuma kaɗan ne daga ciki aka aiwatar. Idan gobe Nijeriya ta sake neman baƙuncin wata gasa, aka kuma sa Jos a cikin jerin garuruwa, takardar nema za ta ƙunshi babi kan haƙƙin ɗan Adam kamar yadda sabuwar doka ta tanada, kuma waɗannan rahotanni suna cikin abin da mai tantancewa zai iya cewa a kawo masa.